IDAN ƊANKA YA NEMI HUJJAR SAMUWAR ALLAH, KUMA YA CE BAN DA AYA BAN DA HADISI

Maganar da na kawo yau mai nauyi ce, kuma na san wasu za su ce ai ba ta kamata a tayar da ita a dandali irin wannan ba. To amma masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu, kuma ko mun tayar ko ba mu tayar ba, 'ya'yanmu suna jin ta a makaranta, suna kallon ta a wayoyinsu.

Ni mazaunin Pleasant Garden ne, wani ɗan ƙaramin gari mai mutane kamar dubu biyar a kudu da Greensboro, cikin gundumar Guilford ta jihar North Carolina. Wata shekara, a hutun ƙarshen Nuwamba da Amurkawa ke taruwa su ci talo-talo, babban yarona ya dawo daga jami'a. Bayan mun yi sallar isha'i muna shan shayi sai ya ce, "Baba, ina da tambaya, amma don Allah kada ranka ya ɓaci. Abokin ɗakina ya ce in kawo masa hujjar cewa akwai Allah, da na jawo masa aya sai ya ce shi bai yarda da littafin ba tukuna, balle abin da ke cikinsa. Ni kuwa na rasa abin da zan ce."

Mahaifiyarsa ta ɗauki salati, ta ce, "Alhaji, ka ji abin da nake gudu ko?" Ni kaina sai da gabana ya faɗi. Amma da na natsu sai na ga yaron bai zo da musu ba, neman makami ya zo yi, kuma gidan ubansa ya fara zuwa. Wannan maƙala ita ce taƙaitaccen abin da muka yi ta tattaunawa tun daga wannan dare.

HALIN DA 'YA'YANMU KE CIKI

Wanda ya zaga Pleasant Garden ranar Lahadi ya ga motoci cike da harabar coci-coci zai ɗauka kowa a ƙasar nan mai addini ne. Hasali ma kundin tsarin mulkin North Carolina, a sashe na 8 na babi na 6, ya ce wanda ya musanta samuwar Allah bai cancanci riƙe muƙami ba. Sai dai wannan doka a takarda kawai take, domin tun 1961 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci, a wata shari'a da ta taso daga jihar Maryland, cewa gwamnati ba ta da ikon gindaya wa mai neman muƙami sharaɗin imani. Shi ya sa a 2009, da aka zaɓi Cecil Bothwell kansila a birnin Asheville, wasu suka yi ta ƙorafi cewa bai yarda da Allah ba, amma ya hau kujerarsa lafiya lau. Wato a nan babu hakimi, babu alƙali, babu mai unguwar da zai rufe wa wani baki a kan wannan batu. Abin da ya rage shi ne hujja.

Cibiyar bincike ta Pew ta gano cewa a 2007 kashi 16 cikin 100 na manyan Amurkawa ne suka ce ba su da addini, amma a bincikenta na 2023 zuwa 2024 adadin ya kai kashi 29. Game da mu kuwa, bincikenta na 2017 ya nuna cewa kashi 23 cikin 100 na waɗanda suka tashi a gidan Musulmi a ƙasar nan ba sa kiran kansu Musulmi bayan sun girma. Kusan ɗaya cikin huɗu ke nan. Idan ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Yana da kyau iyaye su san cewa waɗannan mutane ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai musu, wanda ya ce babu Allah sam, shi ne malamai ke kira mulhidi, kuma su ne kashi 5 kacal a wancan bincike. Akwai mai shakka, wanda ya ce shi bai sani ba, kuma yana ganin ba za a iya sani ba, su ne kashi 6. Ragowar kashi 19 'yan ba-ruwanmu ne, da yawansu sun yarda akwai wani mai iko a sama, addini ne kawai ba sa yi. Akwai kuma wanda ya yarda da Mahalicci bisa hankali amma bai yarda da wahayi ba. Kowannensu da irin maganar da ake yi da shi, kuma kuskure ne a haɗa su a kwando ɗaya.

MUHAWARAR RALEIGH

A ranar 30 ga Maris, 2011, an yi wata muhawara a Jami'ar Jihar North Carolina da ke Raleigh, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi daga nan, a kan ko akwai shaidar samuwar Allah. A gefe ɗaya akwai William Lane Craig, Kirista masanin falsafa, a ɗaya gefen kuma Lawrence Krauss, masanin kimiyyar sararin samaniya wanda bai yarda da Allah ba. Ni ban je ba, daga baya ne muka kalle ta a intanet ni da yaron.

Craig ya kawo hujjoji biyar. Ta ƙarshen ta shafi aƙidarsa ta Kiristanci, wannan tasa ce. Amma guda huɗun farko babu littafin kowa a cikinsu: me ya sa akwai wani abu maimakon babu, daga ina duniya ta faro, me ya sa ma'aunanta suka daidaita har rayuwa ta yiwu, kuma daga ina sanin kyakkyawa da mummuna ya samo tushe. Krauss ya amsa da cewa hankalinmu na yau da kullum ba abin dogaro ba ne idan aka shiga duniyar ƙananan ƙwayoyin zarra, kuma kimiyya na iya bayyana fitowar duniya daga babu.

Abin da ya ba yaron mamaki shi ne sunan hujjar da Craig ya fi shahara da ita. Littafin da ya wallafa a 1979, bayan digirinsa na uku a Jami'ar Birmingham ta Ingila, sunansa The Kalam Cosmological Argument. Wannan "kalam" ba wani abu ba ne illa ilimul kalam, wato fannin tauhidin da ake kafa hujja da hankali, kuma Craig bai ɓoye ba cewa daga Al-Kindi na Bagadaza da Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ɗauko ta. Su ma sun tarar da tushenta wurin wani Kirista ɗan Iskandariyya mai suna Yohanna Filoponus, na ƙarni na 6. Na ce wa yaron, "Ka gani, kayan kakanninka ne Bature ya ɗauka yake yaƙi da su, kai kuwa ka je fagen fama hannu rabbana."

ABIN DA MUKA BARO A ZAURE

Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure a Kano, ko Zariya, ko Katsina, ko Maraɗi, ya ji maganar sifofi ashirin, da wajibi da mustahili da ja'izi. Tushen wannan karatu wani ɗan ƙaramin littafi ne, Ummul Barahin, na Shehu Muhammadu ɗan Yusufu Sanusi, mutumin Tilimsan ta ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 1490. Ma'anar sunan littafin ita ce uwar hujjoji. Abin lura shi ne, malamin ya buɗe karatun ne da rabe-raben hukuncin hankali: abin da hankali ba zai ɗauki rashinsa ba shi ne wajibi, abin da ba zai ɗauki samuwarsa ba shi ne mustahili, abin da zai iya kasancewa ko ya ƙi kasancewa shi ne ja'izi. Dalilin wannan tsari a fili yake. Ba za ka kafa wa mutum hujja da saƙo ba, sai ya yarda akwai wanda ya aiko. Ashe abokin ɗakin yarona, ba tare da ya sani ba, ƙa'idar Sanusi ya bi.

Wannan littafi ya yaɗu ƙwarai a ƙasashenmu. Fulani sun mayar da karatunsa cikin harshensu suna kiransa kabbe, kuma a ƙarni na 17 wani malami Bafillace a ƙasar Bagarmi, Muhammadul Wali ɗan Sulaimanu, ya yi masa sharhi da Larabci. Har abin ya kai wasu ɗalibai suka wuce gona da iri, suna kafirta talakan da bai iya jero hujjojin ba, suna cewa ba a cin yankansa, ba a ba shi aure. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rayu daga 1754 zuwa 1817, ya yi rubuce-rubuce da dama yana yaƙar wannan tsanani, yana nuna cewa imanin manomi da tsohuwa ingantacce ne ko ba su san zancen malaman kalam ba.

Darussa biyu ke nan gare mu. Na farko, tambayar hujja ba baƙuwa ba ce a gidanmu, kuma ba Turawa suka kawo ta ba. Na biyu, ba kowa ke buƙatar wannan magani ba, amma wanda ciwon ya kama dole a ba shi, kuma yaron da ke zaune a ajin falsafa a Greensboro ko Chapel Hill yana cikin masu buƙata.

HUJJA TA FARKO: DUK FARARRE YANA DA MAI FARAR DA SHI

A sauƙaƙe hujjar ita ce: abin da da babu shi sannan ya samu, wani abu ne ya samar da shi. Duniya da babu ita sannan ta samu. Saboda haka tana da mai samarwa. Da na ce duniya, ina nufin sammai da ƙassai da taurari da lokaci kansa, ba wannan ƙasa da muke takawa kaɗai ba.

Gardamar duk tana kan magana ta biyu. Tun zamanin Aristotle masana da yawa sun ɗauka duniya ba ta da farko. Malaman kalam suka ce wannan mustahili ne, domin da kwanakin da suka shuɗe ba su da iyaka, da ba za a taɓa gama ƙirga su har a iso yau ba. Sai ga shi a 1927 wani limamin Katolika ɗan Beljiyam, masanin lissafi, Georges Lemaitre, ya nuna cewa sararin samaniya buɗewa yake yi, kuma a 1929 Edwin Hubble ya auna ya ga tarin taurari na nesa suna ta ƙara nisa da mu. Abin da ke buɗewa kuwa, idan ka koma da shi baya, a dunƙule yake. A 1965 Arno Penzias da Robert Wilson, masu aiki da wata babbar eriya a jihar New Jersey, suka sanar da wani ɗan amo da ke zuwa daga kowace kusurwa ta sama, wanda ya tabbata ragowar zafin farkon duniya ne. A lissafin masana na yau, abin ya faru shekara biliyan 13.8 da suka wuce. Shi ne ake kira Big Bang.

To me masu musu ke cewa? Krauss ya wallafa littafi a 2012 yana cewa duniya na iya fitowa daga babu. Amma da aka duba sai aka ga "babu" ɗin nasa fili ne wanda dokokin kimiyya ke aiki a cikinsa, kuma wani masanin falsafar kimiyya na Jami'ar Columbia, David Albert, wanda ba wa'azi ya fito yi ba, ya soki littafin a jaridar New York Times a kan wannan. Wanda ya ce ya dafa tuwo ba da komai ba, alhali akwai gari da ruwa da wuta, bai faɗi daidai ba.

Sai dai akwai gargaɗi. Lissafin masana yana tsayawa ne dab da farkon, bai kai ga farkon kansa ba, kuma akwai masu hasashen cewa wani hali ya gabaci wannan fashewa. Lemaitre da kansa bai ji daɗi ba da Fafaroma Pius na 12 ya ɗauki bincikensa a 1951 a matsayin tabbacin halitta. Ni injiniya ne, na ga yadda littafin da muka karanta a jami'a ya tsufa a hannunmu. Kada mutum ya rataya imaninsa gaba ɗaya a ƙusar da binciken gobe zai iya zarewa.

HUJJA TA BIYU: WUTAR MAƘWABCI

Wannan ita ce ta fi ƙarfi a ganina, domin ba ta dogara da ko duniya na da farko ko ba ta da shi ba. Ibn Sina ne, wanda ya rasu a 1037, ya tsara ta.

Mu ɗauki misalin da kowa ya sani a gida. Ka shiga wani gida ka ga ƙwai yana ci, ka tambaya daga ina wutar take, aka ce daga maƙwabci aka jawo. Ka je gidan maƙwabci, shi ma ya ce daga na kusa da shi ya jawo. Ko gidajen sun kai miliyan, ko ma a ce ba su da iyaka, idan kowane gida jawowa ya yi, kuma babu janareta, babu Kainji, babu Shiroro, to ƙwai ko ɗaya ba zai kama ba. Yawan masu aro ba ya haifar da abin da ake arowa. Amma ga ƙwai yana ci. Dole ke nan akwai inda wutar take ba da aro ba.

Haka samuwa take. Ni ja'izi ne, da iyayena ba su haɗu ba da babu ni. Su ma haka, ƙasa haka, rana haka. Duk abin da muka sani samuwarsa ta aro ce. Saboda haka akwai wanda samuwarsa tasa ce, bai karɓo daga kowa ba, shi ne malamai ke kira wajibul wujudi.

A nan ne amsar tambayar da yara suka fi yi take, wato "to shi Allah wa ya halicce shi?" Hujjar ba ta ce kowane abu yana da mai yi ba, ta ce kowane mai aro yana da wanda ya ara masa. Tambayar wa ya ara wa wanda ba ya aro kamar tambayar daga gidan wa tashar Kainji ta jawo wuta ce. Misalin yana da iyaka, don ita Kainji da ruwan Kwara ta dogara, amma ya isa ya nuna hanya.

Amsar masu musu ita ce wadda Bertrand Russell ya ba limami Frederick Copleston a muhawararsu ta gidan rediyon BBC a 1948, cewa duniya tana nan ne kawai, ba ta buƙatar bayani. Mai karatu ya lura da kyau: ɓangarorin biyu duk sun yarda akwai inda tambaya ke tsayawa. Saɓanin shi ne a ina. Shi ya tsaya a kan duniyar da ke sauyawa, mai sassa, wadda za ta iya zama wani iri dabam. Mu muka ce abin da zai iya zama wani iri dabam bai isa ya zama matsaya ba.

HUJJA TA UKU: DAIDAITON MA'AUNI

Kowane bakanike ya san cewa tsakanin fistin da silinda akwai 'yar tazara da ba ta kai kaurin gashi ba. Ta yi yawa inji ya sha mai ya yi hayaƙi, ta yi kaɗan ya kame. Idan ka ga inji yana tafiya sumul, ka san wani ya auna.

Tsohuwar surar wannan hujja ita ce ta William Paley a 1802, mai cewa wanda ya tsinci agogo a daji ya san akwai maƙeri, kuma ido ya fi agogo tsari. A nan sai iyaye su yi hattara, domin duk yaron da ya yi ajin nazarin halittu an koya masa bayanin Charles Darwin na 1859 kan yadda halittu ke sauyawa sannu a hankali, kuma zai ce maka an riga an amsa Paley. Idan ka tsaya a nan, gardamar za ta koma kan burbushin ƙasusuwa, inda ya fi ka karatu.

Sabuwar surar ta fi zurfi, don ta shafi dokokin da Darwin kansa ke buƙata kafin komai ya fara. Alal misali, jikinmu da abincinmu duk a kan sinadarin kabon aka gina su, shi kuwa a cikin taurari ake ƙera shi. A 1953 Fred Hoyle ya lissafa cewa hakan ba zai yiwu da yawa ba sai ƙwayar kabon tana da wani matakin ƙarfi na musamman, aka auna a Kalifoniya aka same shi kusan daidai inda ya ce. Hoyle, wanda ba mai addini ba ne, ya yarda abin ya girgiza shi. Haka ƙarfin da ke jawo abubuwa ƙasa, da wanda ke riƙe cikin ƙwayar zarra, da saurin buɗewar sama: a taɓa wasunsu kaɗan, babu taurari, babu ruwa, babu mu.

Masu musu suna da amsa biyu. Ta farko, da ma'aunan ba su daidaita ba da babu mai tambaya, don haka ba abin mamaki ba ne. Ta biyu, wataƙila akwai duniyoyi bila adadin, kowace da nata ma'auni, mu muka dace da mai kyau, kamar mai cin caca. Wannan hasashe ne da wasu manyan masana ke ɗauka da muhimmanci, amma har yau babu wanda ya hango wata duniya ko ɗaya. Na ce wa yaron ya gaya wa abokinsa cikin ladabi cewa shi ma ya yi imani da gaibu ke nan.

HUJJAR DA TA FI ƘARFI A WURINSU

Adalci shi ne mu faɗi tasu. Abin da ya fi fitar da mutane daga imani ba lissafi ba ne, wahala ce. A watan Satumba na 2024 guguwar Helene ta afka wa yammacin jihar nan, ta kashe mutane fiye da ɗari, kuma a cikin watan ne madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya ci Maiduguri. Mai musu zai ce: idan akwai mai iko duka, mai jinƙai duka, me jariri ya yi ruwa ya tafi da shi? Bart Ehrman, wanda ya shafe shekaru yana koyar da tarihin Kiristanci a Jami'ar North Carolina ta Chapel Hill, ya rubuta littafi a 2008 yana bayyana cewa wannan tambaya ce ta raba shi da imaninsa.

Hankali zai iya cewa abu uku. Sharrin da mutane ke yi sakamakon zaɓin da aka ba su ne, kuma ba a samun zaɓi sai da yiwuwar ɓarna. Duniyar da ke tafiya bisa doka, inda ruwa ke gangara kullum har a iya noma da gini, ita ce kuma inda ruwa ke cin gida. Sannan rashin ganin hikima ba ya nufin babu hikima, kamar yadda yaron da ake yi wa allura ba ya ganin dalili. Wasu kuma suna juya tambayar: idan duniya haɗari ce kawai, da wane ma'auni ka ce wannan zalunci ne?

Amma gaskiya ita ce waɗannan amsoshi suna nuna cewa babu cin karo ne kawai, ba sa share hawaye. Wanda ya yi rashi ta'aziyya yake buƙata, kuma idan yaronka ya kawo wannan tambaya, ka fara bincika ko wani abu ne ke cin ransa.

INDA HANKALI YA TSAYA

Wani malamin Andalus, Ibn Ɗufail, wanda ya rasu a 1185, ya rubuta labarin Hayyu ɗan Yaƙzan, yaron da ya tashi shi kaɗai a tsibiri, barewa ta shayar da shi, babu malami babu littafi, har ya kai ga sanin Mahalicci ta hanyar lura da tunani. An fassara shi zuwa Latin a 1671, zuwa Ingilishi a 1708, kuma ana samunsa a ɗakunan karatun jami'o'in nan. Kyauta ce mai kyau ga ɗalibi.

Sai dai a sani, waɗannan hujjoji suna kai mutum bakin ƙofa ne. Suna nuna akwai Mahalicci ɗaya, marar farko, mai iko da ilimi, amma ba su faɗi raka'o'in azahar ba. Shi ya sa Musulmi da Kirista da Bayahude duk suke amfani da su. Antony Flew, Baturen Ingila da ya shafe rabin ƙarni yana kare mulhidanci, ya sanar a 2004 cewa ya yarda akwai Mahalicci, amma bai shiga kowane addini ba har ya mutu a 2010. Maganar annabci da wahayi mataki ne na biyu, mai nasa hujjoji, kuma wannan fagen malamai ne, ba na injiniya ba. Haka kuma kada a zaci hujja za ta tilasta kowa. Masu kaifin basira sun ji duk wannan, wasu sun karɓa wasu sun ƙi.

SHAWARA GA IYAYE

Na farko, kada ka yi tsawa. Yaron da aka ce wa "rufe mana baki, kafirci ne" ba ya daina tambaya, wurin tambayar yake sauyawa, kuma intanet ba ta korar kowa. Matambayi ba ya ɓata. Tambaya dabam, izgili dabam, kuma uba ya san bambancinsu a muryar ɗansa.

Na biyu, idan ba ka da amsa ka ce a ba ka lokaci, ku nema tare. Girmanka ba zai ragu ba. Karin maganar nan ta abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba gaskiya ce a zaman duniya, amma ba ta zama amsa ga wanda ya nemi dalili.

Na uku, kada ka kafa hujja da labarin da ba ka tantance ba, irin waɗanda ake turawa a WhatsApp cewa wani ɗan sama-jannati ya ji kiran salla a wata. Yaro zai bincika cikin minti ɗaya, idan ya ga ƙarya ce sai ya haɗa da gaskiyar da ka faɗa ya zubar.

Na huɗu, ina kira ga shugabannin ƙungiyarmu da malaman makarantun ƙarshen mako a masallatan Greensboro da sauran garuruwa, da su ware wa matasa 'yan shekara 15 zuwa sama darasin tauhidi irin na hankali, cikin harshen da suke ji, kafin su tafi jami'a. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyar, ka koya masa ladabin muhawara. Abokin ɗakin nan ya zo gidanmu daga baya, ya ci shinkafa da miya, muka yi hira har dare. Bai sauya ra'ayi ba, ni ma ban matsa masa ba. Amma yarona ya daina jin cewa addininsa abu ne da ake ɓoyewa idan masu ilimi sun taru, kuma wannan shi ne abin da na nema tun farko.

Wanda yake da gyara ko ƙarin bayani, musamman malamanmu da suka yi karatun Ummul Barahin a zaure, ƙofa a buɗe take. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya sa mu gama da duniya lafiya, amin.

Wassalam.